Barcin Rana a Gidan Saloma

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da ke gindin dutse bayan kasuwar Zuru ya san gidan Saloma Haggai, ko da bai taɓa taka ƙafarsa ciki ba. Gida ne mai ƙofar ƙarfe shuɗiya da bishiyar mangwaro a tsakiya. Daga ƙarfe bakwai na safe ba abin da ake ji a cikinsa sai kukan yara da tsawar matar gidan. Amma da ƙarfe ɗaya ta yi sai gidan ya yi tsit, har masu wucewa su ɗauka an kwashe yaran ne. Da wannan shirun Saloma take tinƙaho. Takan ce a faɗin garin nan babu mai raino da ke kwantar da yara goma sha ɗaya a cikin minti goma sai ita.

Shekara goma ta yi tana wannan sana'a. Ma'aikatan sakatariya da malaman firamare da masu rumfa a kasuwa su ke kawo mata 'ya'yansu da safe, su ɗauke su da la'asar. Ƙaraminsu ɗan wata takwas, babbansu bai wuce shekara uku ba. Da sun ci abincin rana sai ta shimfiɗa tabarmi biyu a falo ta jera su, ta kawo fida, wato kwalbar shayar da jarirai, guda goma sha ɗaya a cikin baho, kowace da zaren launi daban a wuyanta don kada a gauraya. Koko ne mai ruwa-ruwa a ciki, da madarar gari da sukari. Ta riga ta faɗaɗa hujin robar tsotsar da allura mai zafi don kokon ya riƙa fita. Manyan su riƙe kwalbar da hannunsu, ƙananan kuma ta naɗe tsumma ta tokare musu ita a gefen kumatu. Kafin ta gama kwashe kwanuka duk sun yi barci, wasu da robar a baki, koko na dalala yana bin kunci.

Ba mace ce mai fara'a ba, kuma ba ta taɓa ƙoƙarin zama ba. Uwar da ta makara wajen ɗaukar ɗanta za ta same shi zaune a bakin ƙofa da jakarsa, Saloma na tsaye a kansa ta riƙe ƙugu. Wadda ta zo da sabuwar shawara daga asibiti ko daga waya, Saloma za ta saurare ta har ta gama, sannan ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta raina. Iyayen na zaginta a bayan ido, amma washegari su dawo, don yaransu ba sa dawowa da ƙaiƙayi ko ƙazamin kamfai, kuma ba a taɓa jin wani ya ji rauni a hannunta ba.

A wani ƙauye kusa da Mahuta aka haife ta. Haggai ya yi wa mahaifinta noman surukai shekaru kafin a ba shi ita, daga nan ya shiga soja kamar yadda ubansa ya yi, ya ɗauke ta suka yi ta yawon bariki. A can ta koyi Hausar da take yi, mai gajerun jimloli kamar umarni. Ta haifi maza biyu. Shekarar da ta haifi autarta Rachael aka tura bataliyar su Haggai Saliyo, ya bar ta da yara uku a ɗaki ɗaya. Tana sayar da shinkafa da wake a kasuwar bariki, babu uwa kusa, babu ƙanwa. Goyon ya hana ta sunkuyawa kan tukunya. Matar wani kofur da ke maƙwabtaka da ita ce ta nuna mata dabarar fida da tsumma. Ranar da ta fara gwadawa, jaririyar ta yi barcin awa uku a kan benci a bayan rumfa, Saloma ta sayar da abincinta har ƙarshe. Tun daga ranar ta riƙe dabarar kamar addu'a.

Bayan Haggai ya yi ritaya suka dawo Zuru, ya gina gidan nan, bai daɗe a cikinsa ba ciwon hanta ya ɗauke shi. Mazan biyu duk suka shiga soja. Ita kuma ta buɗe ƙofarta ga 'ya'yan mutane.

Rachael ta taso yarinya doguwa mai ƙarfi, wadda ba ta son magana. Tana da wata ɗabi'a da ke ƙona wa uwar rai: in an kira ta daga wani gefe ba ta amsawa, in kuma ana yi mata magana sai ta karkata fuska ta ba mutum gefen dama. Saloma ta ɗauki wannan raini ne, ta sha marinta a kai. Tana ƙarama kunnenta na hagu ya yi ta fitar da ruwa mai wari, a ɗiga mata magani daga kemis ya tsaya, bayan wata biyu ya dawo. Da ta kai shekara shida ya daina, kowa ya manta.

Ba abin da yarinyar take so a duniya irin kakin soja. Tun tana sakandare take tashi da sassafe ta hau dutsen bayan gari da gudu ta sauko. Da aka buɗe ɗaukar kurata ta cika fom, sunanta ya fito, ta tafi Birnin Kebbi wajen tantancewa da takardunta a cikin leda. Saloma ba ta nuna mata wata murna ba a tasha, amma ta riga ta gaya wa matan zumunta a coci cewa gidan Haggai zai cika soja uku.

Bayan kwana huɗu Rachael ta dawo. Ta shigo ana tsakiyar barcin rana, ta ajiye jaka a bakin falo, ta tsaya tana kallon yaran da ke jere. Uwar ta tambaye ta yadda aka yi, ba ta amsa ba. Ta sake tambaya da ƙarfi. Sai Rachael ta ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ta ɗauke ido daga kan tabarma ba. Ta ce a gudu ita ce ta biyu a cikin mata. Tsawo da nauyi da jini duk lafiya. A ɗakin ƙarshe ne likitan ya haska kunnenta na hagu, ya ce dodon kunnen a huje yake tun da daɗewa, kuma kusan ba ta ji da shi. Ya tambaye ta ko ya yi ta zubar da ruwa tana ƙarama. Ya tambaye ta ko ana kwantar da ita da fida a baki, don hakan kan jawo wa jarirai ciwon kunne a kai a kai. Daga nan ya ja layi a kan takardarta.

"Mama, ke kika yi mini wannan," in ji ta.

Saloma ta ji maganar kamar an zuba mata ruwan zafi a ƙirji, amma abin da ya fito daga bakinta daban ne. Ta ce likitan bai taɓa riƙe jariri da tukunya a lokaci guda ba. Ta ce yara fiye da ɗari sun bi ta hannunta babu kurma ko ɗaya. Ta ce wanda ya faɗi jarrabawa ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, kuma in Rachael na neman mai laifi ta je kabarin ubanta ta tambaye shi inda yake lokacin da take kuka a bayan rumfa. Rachael ta ɗauki jakarta ta shiga ɗaki.

Daga ranar gidan ya rabu biyu. Rachael ta daina cin abincin uwar, ta sayi ƙaramin risho tana dafa nata a ɗaki. Ba ta gaishe ta da safe sai in akwai baƙo. Amma ba ta bar yaran ba. Da ma takan taimaka da wanki da shara, yanzu kuwa sai ta riƙa jira har uwar ta fita wanke kwanuka, ta bi tabarma tana zare fida daga bakin kowane yaro. Wasu su ci gaba da barci, wasu su farka su ɓarke da kuka su tayar da sauran. Saloma ta dawo da kumfa a hannu ta tarar da falo ya kaure. Ta mayar da kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana zagi da yarensu na C'lela don kada manyan yaran su kwashe su kai gida.

Wata safiya ta nemi robobin tsotsar ta rasa. Ta birkice kicin, ta duba ƙarƙashin gado, a ƙarshe ta gan su a cikin toka a bayan murhu, an yanka kowace biyu da almakashi. Ta ɗaura zani ta je kasuwa ta sayo sababbi, ta dawo ta zuba fidan duka a cikin akwatin ƙarfen Haggai ta sa kwaɗo, ta rataya makullin a wuyanta tare da gicciye.

Sai Rachael ta koma kan iyaye. Akwai wata Malama Maimuna da ke koyarwa a firamare, mace mai sanyin hali wadda ta shekara biyu tana kawo ɗanta Muntaka. Wata ranar Talata da la'asar Rachael ta tare ta a bakin ƙofa, ta durƙusa ta ɗaga leɓen yaron na sama ta nuna mata. Haƙoran gaba huɗu duk sun yi ruwan ƙasa daga gindi, ɗaya ya fara gutsurewa. Maimuna ta ce ta gani tuntuni, ta ɗauka alewa ce da kakarsa ke ba shi. Rachael ta ce ba alewa ba ce, sukari ne da ke kwana a bakinsa awa biyu kullum. Sannan ta juya mata kunnenta na hagu ta ba ta labarinsa.

Saloma na jin komai daga ƙarƙashin mangwaro. Ta taso ta ce wa Maimuna in ta yarda da maganar yarinyar da soja suka koro, ga hanya nan. Maimuna ta ɗauki ɗanta ta tafi. Washegari mijinta ne ya zo a kan babur, bai shigo ba, ya aika a miƙo masa jakar kayan yaron da ɗan bargonsa. Kafin ƙarshen mako wasu uku sun bi. Labari ya shiga kasuwa, kuma kamar yadda labari ke yi, ya ƙara kiɓa a hanya. Har aka fara cewa Saloma na zuba maganin mura a koko don yara su yi barci. Wannan ƙarya ce, Rachael ma ta ƙaryata ta a gaban mutane, amma Saloma ba ta gode mata ba. Ta ce wanda ya buɗe ƙofa shi ya shigo da ƙuda.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada a coci shugabar zumuntar mata, wata dattijuwa mai suna Leah, ta biyo su gida. Ta zaunar da su, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce abin kunya ne uwa da 'ya su zama abin hira a rumfar kifi. Saloma ta ce ita ba ta da abin faɗi, a tambayi wadda ke kashe mata sana'a da rana tsaka. Rachael ta ce ita ba ta neman komai sai uwar ta buɗe baki ta ce ta yi kuskure. Saloma ta yi dariyar da babu daɗi a cikinta. Leah ta yi ta kai da komo, a ƙarshe ta kawo shawara: a bar wa Rachael barcin rana na mako guda, ta kwantar da yaran yadda take ganin daidai ne, ba fida. In ta iya, Saloma ta bi hanyarta. In ta kasa, ta kama bakinta.

Saloma ta yarda nan take, don ta san abin da zai faru.

Ranar Litinin kuwa abin ya faru. Rachael ta ba yara bakwai ɗin da suka rage kokonsu a kofi suna zaune, ta ɗaura ƙaramin a baya ta riƙe wani a hannu, ta goge wa kowa baki da tsumma mai ruwa, ta kwantar da su. Babu wanda ya rufe ido. Suka yi ta kuka suna miƙa hannu wajen akwatin ƙarfe. Saloma ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta zauna a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, kamar ba a gidanta ake yi ba. Da iyaye suka zo da la'asar suka tarar da yara idanu jajur, ta nuna musu Rachael da haɓa. Talata ma haka, sai dai biyu sun yi barci don gajiya. Wata uwa ta yi ƙorafi cewa 'yarta ta hana su sakat a gida, Saloma ta ce ta kai ƙarar wurin sabuwar likita.

Ranar Laraba biyar suka yi barci. Rachael ta gano cewa in ta rufe labule ta kwanta a tsakaninsu tana bubbuga bayan mai rigimar cikinsu, sauran na bi. Ranar Alhamis, kafin ɗaya da rabi, falon ya yi tsit. Saloma ta tsaya da ɓarar gyaɗa ta kasa kunne. Shirun nan da ta shekara goma tana alfahari da shi ne, ga shi ya zo ba tare da ita ba, ba tare da kwalba ko ɗaya ba. Kukan Litinin bai dame ta ba ko kaɗan, amma wannan shirun ta kasa haɗiye shi.

Tana zaune a haka ta ga labulen ƙofar falo ya motsa. Divine ne, yaro ɗan shekara biyu mai ƙiriniya, ya fito yana murza ido. Ya ture wani kwanon silba da ke bakin ƙofa ya yi ƙara, amma babu wanda ya biyo shi. Ta tsakanin labule Saloma na hango Rachael kwance a gefenta na dama, hannunta a bayan wata jaririya, kunnen da take ji da shi a manne da tabarma.

Yaron ya sauko daga dakali ya nufi murhu. Akwai tukunyar ruwan wanki a kai, garwashi na ja a ƙarƙashinta. Tsakanin falo da murhu taku ashirin ne na babba. Saloma na iya kiran sunansa tun daga dakali, yaron na tsoron muryarta, da ya tsaya cak. Ba ta kira ba. Ta zauna da gyaɗa a cinya tana kallonsa ya wuce rijiya, ya wuce turmi, ya wuce igiyar shanya. Sai da ya miƙa hannu wajen itacen da ke ci ta zabura, gyaɗar ta watse, ta fizge shi ta hannu ɗaya. Yaron ya tsandara ihu don tsoro, wuta ba ta taɓa shi ba.

Rachael ta fito da gudu ba ɗankwali. Saloma ta ɗaga mata yaron a gaban murhu don ta ga inda aka tsince shi.

"Ga aikinki. Kurma ba ta raino," in ji ta.

Rachael ta tsaya kamar an dasa ta. Ta dubi yaron, ta dubi murhu, ta dubi kujerar da ke gindin mangwaro, wadda ke fuskantar ƙofar falo sosai. Ta daɗe tana auna tazarar da ido.

"Mama, tun daga ina kika gan shi?"

Saloma ta ce ba ita aka ba amanar makon nan ba. Rachael ta sake tambaya, a hankali, tun daga ina. Uwar ta juya ta shiga falo da yaron, inda sauran duk sun farka suna kuka, ta ciro makulli daga wuyanta ta buɗe akwatin ƙarfe.

Ranar Juma'a Rachael ba ta fito ba. Ranar Asabar da hantsi ta fito da jaka biyu da rishonta a cikin kwali. Ta tsaya a tsakar gida ta ce za ta tafi Mahuta wurin ƙanwar babanta. Saloma na wanki, ba ta ɗago ba, ta ce a ja mata ƙofa in an fita saboda awaki. Da Leah ta zo jin sakamakon makon, Saloma ta gaya mata yarinyar ta kusa ƙona ɗan mutane, ta gudu don kunya. Leah ta dube ta, ta ce to Allah ya kyauta, ta tafi. Ba ta ƙara zuwa gidan ba.

Saloma ta ci nasara, kuma ta faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Sai dai a makonnin da suka biyo baya ta kama kanta tana abin da ba ta saba ba. In ta jera yara ta tokare musu kwalba, sai ta tsaya a kansu maimakon ta fita wanke-wanke, tana kallon inda kokon ke gangarawa. Ta yi ta ƙoƙarin tuna bencin nan na bayan rumfa a bariki. Ta tuna katangar kwano a gefe, ta tuna tsumman atamfa ja da take naɗewa, ta tuna takan juya jaririyar ta fuskanci katanga don kada hayaƙi ya shiga mata ido. In katangar na can, to a gefen hagu take kwantar da ita. Wata rana kuma sai ta ga kamar katangar a ɗaya gefen take. Shekara ashirin da biyu sun wuce, babu wanda za ta tambaya.

Akwai wata tsohuwar nas mai ritaya a cocinsu, Magdalene, wadda ba sa shiri da Saloma tun wata rigima a kan kujerun biki. Duk da haka wata Lahadi Saloma ta tare ta a bayan coci, ta ce wata maƙwabciya ce ta aiko ta da tambaya: shin fida a kwance na kurmantar da yaro? Magdalene ta san kowace maƙwabciya ce, amma ba ta nuna ba. Ta ce yana jawo ciwon kunne ga wasu, yana ɓata haƙori ga da yawa, wani lokaci ma yaro ya shaƙe. Amma a ce ga takamaiman abin da ya huda kunnen wance shekaru ashirin baya, babu likitan da zai rantse a kai. Mura na yi, ƙyanda na yi, tsinke ma na yi. Saloma ta ce wato ba fidan ba ce ke nan. Magdalene ta ce ba haka ta faɗa ba. Saloma ta ce to ita ce ke nan. Magdalene ta ce nan ma ba haka ta faɗa ba, amma ta gaya wa maƙwabciyar ta daina. Saloma ta ja tsaki ta ce da ma ta san nas ba ta taɓa ba mutum amsa miƙaƙƙiya, ta wuce.

Ba ta daina ba a lokacin. Sai bayan wata uku, ba tare da sanarwa ba, iyaye suka lura ana dawo musu da fida a bushe cikin jaka. Duk yaron da ya iya zama, a kofi yake shan kokonsa kafin ya kwanta. Jarirai kuma a cinyarta take ba su, ta ɗaga musu kai, tana mita cewa bayanta zai karye. Da aka tambaye ta dalili ta ce robar da ake sayarwa yanzu ta banza ce, tana narkewa a ruwan zafi. Wata uwa ta yi subul da baka ta ce ashe dai Rachael na da gaskiya. Washegari ta tarar da jakar ɗanta a bakin ƙofa, Saloma ta ce ta nemi wani wurin. Gidan ba ya yin tsit da ƙarfe ɗaya kamar da. Wani lokaci har biyu ana fama, kuma muryarta ta fi ta yaran tashi. Malama Maimuna ba ta dawo da Muntaka ba, in sun haɗu a kasuwa kowa ta kalli wani gefe.

Rachael na Mahuta har yanzu. Ta samu aiki a wata ƙaramar makarantar yara, tana zama a gefen hagu na ajin don kunnenta na dama ya fuskanci ɗalibai. Da Kirsimeti ta zo Zuru, amma a gidan matar yayanta ta sauka. A coci ta zo ta durƙusa ta gaishe da uwar kamar yadda ake gaishe da kowace dattijuwa, Saloma ta amsa kamar yadda ake amsa wa kowace yarinya, ta tambaye ta hanya, Rachael ta ce lafiya. Yayyenta sun yi ta kira a waya daga inda suke aiki suna roƙon a shirya. Rachael ta ce kalma ɗaya take jira. Saloma ta ce za ta daɗe tana jira.

Bayan girbin bana Saloma ta auna dawa rabin buhu daga gonar da Haggai ya bari, ta ɗinke bakin da kanta, ta kai tasha ta ba wani direban Mahuta ya kai wa Rachael. Ya tambaye ta ko akwai saƙo, ta ce buhun shi ne saƙon, kada ya ƙara ko kalma. Bayan mako biyu direban ya tsaya a ƙofar gidan ya miƙo mata buhun, babu komai a ciki, an wanke shi an ninke shi huɗu. Ta tambaye shi ko an ce wani abu. Ya ce ba a ce ba. Ta juya buhun ciki da waje, ta kakkaɓe, ta ce wankin ma bai fita ba. Sannan ta ce masa ya biyo ta nan ranar kasuwa mai zuwa, akwai wake.